Sunan Goggona Ya Fito a Mujalla, Nawa Bai Fito Ba

Anti, don Allah ki taimake ni, zuciyata tafasa take yi.

Ni ɗalibar lissafi ce. Shekara biyu ina bincike a kan yadda ƙwayar halitta take tsufa. Ƙwaya ta rabu biyu, kowace ta sake rabuwa, har abin ya zama bishiya mai rassa, kwamfuta na jefa ƙuri'ar reshen da zai tsage. A kowace rabuwa ɗaya ce ke kwashe tarkacen uwar, ita ke saurin gajiya. Aminiyata ta ɗakin gwaji ta kawo hotunan ƙwayoyin, ni na gina lissafin. Tebur ɗaya muke zama, har mabuɗin ɗakina tana da shi.

Don tsokana na sa wa reshen mai tsufa suna "goggo", saboda Goggona da ta raine mu, ta kwashe wahalar gidanmu ita kaɗai. Makon jiya aikin ya fito a mujalla da sunan aminiyata da na shugabanta. Nawa ko a layin godiya babu. Amma a cikin mujallar, ƙarƙashin zane na uku ga kalmar "goggo" nan, sun manta ba su goge ba. Na kira ta, wai shugaban ne ya jera sunayen, ita ta kasa magana. Yanzu in na miƙa kundin digirina, ni za a ce na yi satar aiki. Cin amanar ya fi komai yi mini ciwo.

'Yar Goggo

'Yar Goggo, an cuce ki, ba zan ɓoye miki ba. Mai yiwuwa tsoro ne ya ɗaure bakin aminiyarki, ba mugunta ba, kuma hotunan nan guminta ne, kada ki hana ta wannan. Amma shirunta na neman cinye miki digiri.

Ki tattara fayilolinki masu kwanan wata da saƙonnin da kuka yi, ki kai wa malamin da ke duba aikinki. Ki ba aminiyar taki mako guda ta rubuta wa mujallar a gyara sunayen. In ta noƙe, ki kai ƙara a rubuce ga hukumar makarantarku. Ban da tone-tone a intanet, zai ɓata miki hujja. Mabuɗin ɗakinki kuwa, ki karɓi abinki tukuna.

In sun musa, ki nemi a buɗe zane na uku a tambaye su wace ce goggo. Ke kaɗai ke da amsa. Allah ya fitar miki da haƙƙinki, ki gaishe min da Goggon taki.