Garwar Cuku a Ƙofar Gida

Bregas, 9 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Teuta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Ilir da yara. Inna da Baba suna gaishe ku. Wannan takarda ta hannun Fatos direba za ta iso ki, tare da cuku da shayin dutse. Ban faɗa miki a waya ba, don kin san wayar Inna, duk gida ake sauraro.

Ranar Talata da safe na kora awaki sama, na tsaya kan dutsen nan da ake hango tsohuwar gonarmu. Kin tuna yadda 'yan sanda suka bar ta, toka da baƙar ƙasa. To yanzu gwamnati ta ba kamfani haya, rumfunan leda ne a jere fari fat, an kewaye da waya. Ina tsaye sai babbar mota ta fito, motar 'yan sanda a gabanta tana jiniya. Na ce yau kuma an kama ɗan wani. Ashe rakiya ce. Wiwi ce a ciki, Yaya, wadda Baba ya yi shekara shida a kurkuku dominta, ga 'yan sanda suna share mata hanya kamar amarya. Kin san wa ya ɗaga musu sandar ƙofa? Kawu Ramiz, da hular kamfani a ka, har da ƙamewa.

Hannun Baba ya ƙara lalacewa. Finjalin gahawa ma ya gagare shi, kafin ya kai baki rabi ya zube a riga. Inna ce ke riƙe masa. Tun da hakan ta faru gaban baƙi ya daina fitowa ɗakin baƙi, ya ce maigidan da ba zai iya shan gahawa da baƙonsa ba, gara a ce ba ya nan. Da dare kuma ƙafafu ba sa barinsa barci.

Na kai shi wurin likita a birnin Gjirokastër. Likitan ya ce a wasu ƙasashe ana gwada wa masu irin ciwon man ganyen wiwi, wani ya dace, wani bai dace ba, amma shi ba shi da ikon rubutawa. Na je kantin magani, matar ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ɗana, namu na fitarwa waje ne." Na ce, "To ciwon Baba fa, shi ma a fitar da shi waje?" Ba ta yi dariya ba.

Na nemi aiki a kamfanin, ko sharar rumfa ce. Suna jin sunan Baba, cewa ni ɗan Hekuran ne, suka ce babu gurbi.

A kwarin da ke ƙasan gonar, inda wuta ba ta kai ba, irin Baba bai mutu ba. Kowace shekara yana tsirowa awaki su cinye. Bana na riga su. Na tono ɗaya na dasa a garwar cuku, na ajiye a ƙofar gida, gefen furannin Inna, inda duk mai wucewa zai gani.

Ki gaishe da yara. Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Lulzim

Stuttgart, 2 ga Mayu

Luli,

Gaisuwa. Cuku ya iso, na gode. Yanzu ka buɗe kunnenka.

Kai wane irin mutum ne? Kana yaro kai ne mai zama bakin rafi yini guda kana jiran kifi ɗaya, Inna na cewa haƙurinka ya yi yawa. Ashe tara shi kake yi don ka zuba mana a ka rana ɗaya!

Kada ka ɗauka ban ji zafin ba. A gidan tsofaffin da nake aiki, ni da hannuna nake ɗiga wa wata tsohuwa man nan a ƙarƙashin harshe, likita ya rubuta, ta ce mini na gode 'yata. Maƙwabcinmu na sama, ɗan gemu mai keke, nasa tukwanen wiwin suna baranda, yana ba su ruwa yana fito. Duk sanda na gani sai Baba ya faɗo mini a rai. Na so in aiko muku, Fatos ya ce ko 'yar kwalba aka gani a kan iyaka, shi da motarsa sun tafi.

Amma nan Jamus ce, can Bregas. Doka ba ta bin iska ta haye dutse.

Ga maganar da na so in ba ka a matsayin albishir, ka sa na ba ka da faɗa. Ubangidan Ilir na wurin aiki ya yarda zai ɗauke ka aikin shimfiɗa tayil. A watan Oktoba za ka je neman biza ofishin jakadancin Jamus a Tirana. Abu ɗaya suke nema wanda ba ni zan yi maka ba: takardar 'yan sanda cewa ba a taɓa kama ka da laifi ba. In sunanka ya shiga littafinsu sau ɗaya, shi ke nan, ka gama da Jamus, ka zauna da awakinka har furfura.

Ka tuge abin nan. In taurin kai ya hana, to ka kai shi bayan garke mana, kamar kowa! Wa ya ce maka ana ajiye irin wannan a ƙofa?

Ka sumbaci hannun Baba a madadina.

Yayarka da ka hana barci,
Teuta

Bregas, 20 ga Agusta

Zuwa ga 'yata Teuta,

Ina farawa da gaisuwa ta girmamawa, da addu'ar Allah Ya albarkaci gidanki da zuriyarki.

Ba al'adata ba ce rubuta wasiƙa, amma lamarin ƙaninki ya kai inda babba ba zai yi shiru ba. Shukar da ya ajiye a ƙofa ta wuce taga tsawo, ta fara fure, warinta har bakin titi. Mutanen ƙauyukan maƙwabta suna zagayowa ta nan don kallo kawai. Yara sun sa mata suna, wai Madam Lasisi. Shekaranjiya shugaban kamfaninmu ya tsayar da mota a gaban gidan, sannan ya tambaye ni ko gaskiya ne gidan ƙanwata ne. Ki duba matsayin da aka sa ni.

Doka a bayyane take. Mai lasisi ya shuka, marar lasisi ya bari. Ba ni na rubuta ta ba.

Sufeton 'yan sanda Agron mutumin kirki ne, tare suka yi makaranta da mijinki. Ya gaya mini a asirce cewa ya daɗe yana kau da kai, amma magana ta kai sama. Ya ba da lokaci zuwa ƙarshen tsinkar inabi. In shukar ta ɓace kafin nan, bai ga komai ba.

Na je na yi wa yaron nasiha, ya amsa mini da abin da ba zan sa a takarda ba. Ke yake jin maganarki.

Ina miki fatan alheri.

Kawunki,
Ramiz Dervishi

Bregas, 14 ga Satumba

Yaya Teuta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga takardarki ta biyu, wadda kika ja layi uku ƙarƙashin "mahaukaci". Na ajiye ta.

Tunda Kawu ya ƙi sa amsata a takarda, bari ni in sa. Ya zo da hularsa, Inna ta kawo gahawa. Ya ce, "Kai yaro, so kake ka kashe uwarka da baƙin ciki?"

Na ce, "Kawu, ita ce ke ba ta ruwa in na tafi kiwo."

Ya ce, "Wannan laifi ne a doka."

Na ce, "Wanda kake gadi fa?"

Ya ce, "Wancan magani ne."

Na ce, "To ka sa hancinka nan, gobe ka sa can, ka gaya mini wanne ne mai takarda. Kuma Kawu, shekarar da aka ƙone gona, wa ke riƙe wa Baba tiyo in yana ba wiwi ruwa? Ni ƙarami ne lokacin, amma ba makaho ba. Alƙali ya tambayi Baba su nawa ne, ya ce shi kaɗai."

Sai Inna ta ce, "Luli, ya isa, wana ne." Kawu ya shanye gahawarsa da zafinta ya fita.

Da ya tafi Baba ya kira ni ciki. Ya ce, "Na yi zaman kurkukun gidan nan, na kowa da kowa. Ka tuge ta ka tafi wurin yayarka."

Na ce, "Baba, jiya ka yi barci?"

Ya ce, "Ɗan banza." Amma yana murmushi.

Abin da ban gaya miki ba ke nan. Tun da fure ya fara nuna, Inna ke tsinkar na ƙasa tana busarwa, ta ɗumama a man zaitun, ta ba shi ƙaramin cokali kafin ya kwanta. Ni ba likita ba ne, ban ce warkewa ce ba, ban ce za ta yi wa kowa ba. Abin da na gani nake faɗa: yana kwana. Ranar Lahadi ya ɓalle maɓallin rigarsa da kansa.

Kin ce in kai ta bayan garke kamar kowa. Na yi tunanin nan da yawa a kan dutse. Baba a ɓoye ya shuka tasa, bayan masara, shi ya sa da suka zo ya sunkuyar da kai kamar ɓarawo, har yau bai ɗago ba. In na ɓoye, na yarda sata nake yi, kuma duk ranar da wani ya so wulaƙanta mu ya san inda zai leƙa. Ni ban sayar wa kowa ba, ban sha ba. Guda ɗaya ce, ta tsoho ɗaya. In za su ɗauka, su zo da rana su ɗauka a gaban mutane, su faɗi dalili da bakinsu, ga rumfunansu can ana hange.

Ina son Jamus, Yaya, kada ki ce ba na so. Har na koyi ƙirga zuwa ashirin. Amma in na tuge ta na tafi, wa zai zauna yana jin Baba yana nishi har asuba? Inna ce. Ni ina can ina shimfiɗa wa Bajamushe tayil, shi yana ba tasa ruwa a baranda.

Inabi ya kusa ƙarewa. Ki yi haƙuri da ni.

Ƙanenki,
Lulzim

Bregas, 3 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa. Ki ba ubangidan Ilir haƙuri, ya nemi wani.

Sufeto Agron ya zo ranar Litinin da hantsi. Inna ta shigar da shi ɗakin baƙi ta ajiye masa gahawa. Ya dubi finjalin ya ce, "Inna, yau ba zan iya sha ba." Kin san abin da hakan ke nufi: wanda ya zo kamu ba ya shan gahawar gidan.

Ya ce, "Luli, zan fita in sha taba. In na dawo ban ga komai a ƙofa ba, na tafi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kada ka ɓata tabarka."

Sai ga Baba ya fito daga ciki da rigarsa ta zuwa biki, ya zauna a mazaunin maigida. Ya ce, "Agron, ba a mayar da gahawa madafa a gidan nan." Ya miƙa hannu ya ɗauki finjalin. Hannun yana rawa, ba zan yi miki ƙarya ba, amma ya kai baki. Ya sha har ƙasa, ya ajiye, rigar fes. Sannan ya dubi Sufeto ido cikin ido ya ce, "To, yi aikinka."

Ni na ɗauki garwar da kaina, na rungume ta a bayan motar Sufeto, kanta ya leƙo ta taga. A ƙofar kamfani aka tsayar da mu, wai babbar motarsu za ta fita. Muka jira ta wuce, muka bi bayanta har gari.

Na kwana biyu a can, an sallame ni zuwa ranar kotu. Sunana ya shiga littafi. Man da Inna ta tanada zai kai mu bazara, kuma kwarin da irin Baba ke tsirowa yana nan inda yake.

In kina ganin na ƙara gishiri a maganar finjali, ba ni kaɗai na gani ba. Inna tana tsaye da faranti. Fatos direba yana bakin ƙofa, ya zo karɓar cukunki. Tsohuwa Lumturi maƙwabciya tana leƙe ta taga kamar kullum. Sufeto Agron ya gani, don shi ya fara kau da kai. Kawu Ramiz ma yana nan, ya biyo Sufeto, hularsa a hannu. Ki tambaye shi.

Ki huta lafiya.

Lulzim ɗan Hekuran