Wake Goma a Ƙoƙon Innarki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga wanda ya halicci jiki ya jarrabe shi da ciwo, ya kuma halicci harshe domin mai ciwon ya faɗi inda ke yi masa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Sallama gare ku, ku da za ku karanta wannan takarda. Ba ku na rubuta wa ba, amma ina so ku gani, domin a gaban mutane na yi ɓarnar, bai dace in nemi gafararta a ɓoye ba.

Zuwa ga ƴata Hadiza a Yamai, wadda nake kira Uwani saboda sunan mahaifiyata ta ci. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina sanar da ke cewa mahaifinki ne da kansa ya rubuta wannan da hannunsa na dama, hannun da kika sani. Yayanki Lawali zai sanya ta inda jama'a ke karantawa, tunda kin daina ɗaukar salula idan lambata ce.

Lokacin da kika gama karatun likita, duk ƙauyenmu har zuwa Yekuwa an zaci za ki dawo Magariya ki riƙa yi wa mutane allura. Sai kika ce za ki zauna a jami'a ki yi bincike. Kin yi mini bayani a zaure, ina gyaran alƙalami. Kika ce likita yana auna jini da zafin jiki, yana duba ko rauni ya rufe, amma akwai abin da babu mai aunawa sai mai jikin: ko yana samun barci, ko tana iya jan guga, ko goshi na kaiwa ƙasa a sujada. Aikinki shi ne tsara tambayoyin da za su fito da wannan daga bakin majinyaci, a gwada su a kan mutane da yawa har a tabbatar ba sa ruɗu, sannan a ba likitoci. Na yi dariya. Na ce shekara bakwai a lakwal kina karatun boko, ashe gaisuwar mara lafiya kika koyo, abin da kowace tsohuwa a garin nan ta iya kyauta.

Kin san abin da ya sami innarki, amma ba ki gani ba, ni na gani. Muna dawowa daga kasuwar Yekuwa, amalanke cike da buhunan wake, babur ya gifta, san da ke jansa ya firgita ya yanki daji. Amalanken ya kife, ƙarfensa ya danne mata ƙafa. Da muka ɗaga, ƙashi ya huda fata ya fito fari, yashi na shan jini. Ta cusa bakin mayafi a baki ta ciza. Daga wurin har Magariya, daga Magariya har Damagaram inda aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa, ban ji ta yi ƙara ko sau ɗaya ba. Na yi ta ba da labarin wannan a majalisa ina alfahari. Na ce ga mace mai haƙuri.

Ɗinki ya kame, likita ya ce aiki ya yi kyau, kuma gaskiya ya faɗa, domin abin da idonsa ke iya gani ya yi kyau. Aka sallame mu.

Bayan wata biyu kika zo da takardunki. Da hantsi ne, ranar Alhamis. Kika zauna a bakin gadonta kika fara tambaya, ni kuwa ina kan buzu kusa da ƙofa, kamar yadda kowane maigida a ƙasar nan yake zama idan ana tambayar iyalinsa. Kika tambaye ta barci, na ce Alhamdu lillahi tana samu. Kika tambaye ta ciwo, na ce da sauƙi. Ita ta sunkuyar da kai tana gyaɗawa. Shekara arba'in da wani abu ni ne bakinta a gaban baƙo, a gaban majo mai duba marasa lafiya a likitar gari, a gaban mai ƙidayar jama'a. Ban taɓa jin cewa ƙwace nake yi ba. Sutura na ɗauke shi.

Sai kika ciro ƙoƙo ƙarami da ƙwayar wake goma. Kika ce kin gano matanmu ba sa iya furta ciwo da baki, kunya na hana su, amma hannu na iya faɗa. Kika ce mata, "Inna, ba sai kin yi magana ba. Idan babu ciwo, bar ƙoƙon wayam. Idan ya kai maƙura, zuba duka." Ta ɗauki ɗaya ta saka. Ta saka na biyu, ta saka na uku. Sai ta ɗago ta dube ni, hannunta ya tsaya a sama.

A nan ne kika ce, murya ƙasa ƙasa, "Baba, don Allah ka ɗan ba mu wuri. Tambayar ta Inna ce."

Akwai dattawa uku a tsakar gida da suka zo dubiya, kuma sun ji. Abin da na ji ke nan, cewa sun ji. Ƴar cikina ta kore ni daga ɗakin matata a gaban mutanen da nake ja wa salla.

Zan faɗe shi yadda ya faru, ba zan rage ba. Na ɗauki sandata ta geza. Ta farko ta sauka a kafaɗarki. Ta biyu ta fasa miki gira, jini ya rufe idonki na hagu ya zuba a kan takardun. Kika ɗaga hannu ki kare fuska, ta uku ta sami yatsunki, na ji ƙararsu kamar an karya kara. Na yi ƙwallo da ƙoƙon, wake ya watse a ɗaki. Na yayyaga takardun ina cewa kin zo koya wa uwarki butulci ga Ubangiji. Innarki ta manta ba ta da ƙafa, ta miƙe za ta shiga tsakani, ta faɗi da fuska a ƙasa, ta jawo jiki ta riƙe bakin rigata. Sai da mutum biyu suka murɗe mini hannu kafin sandar ta faɗi. Ke ba ki ɗaga murya ba. Kika naɗe hannun da ɗankwali, kika durƙusa kika ce wa innarki sai wata rana, kika hau kabu-kabu. A ranar na haramta ambaton sunanki a gidana.

Abin da ya biyo baya, Gwaggonki Ladi ce ta faɗa mini, bayan komai ya wuce. Ƙafar da aka binne a Damagaram ba ta bar innarki ba. Tana jin tafin yana ci da wuta, tana jin ana zare mata farce, a wurin da babu komai sai iska. Ta ji tsoron faɗa, kada a ce aljanu ne, ko in ce ta raina ni'imar warkewa. Idan na fita karatun azahar, sai ta sa wuƙa a murhu har ta yi ja, ta manna a kan dungulmin, wai ko wutar waje za ta kashe ta ciki. Ta yi haka sau da yawa tana rufewa da zane. Ƙunar ta ruɓe. Ban sani ba sai da wari ya fito, zazzaɓi ya kwantar da ita. A hanyar Magariya ta cika, a cikin mota, kanta a cinyata. Ko a motar na tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi.

Kin zo ta'aziyya, kin zauna kwana uku cikin mata. Kin durƙusa kin gaishe ni kamar yadda aka koya miki. Na ga tabon a girarki, na ga yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa. Na buɗe baki, girman kai ya rufe shi.

Bayan sadakar arba'in Ladi ta kawo mini ƙoƙon, da tsagar da ƙafata ta yi masa, an rufe shi da faifai. Ashe ranar da kika tafi innarki ta bi ƙasa da rarrafe ta tsince waken ɗaya bayan ɗaya. Kowace safiya sai ta juye su a tafin hannu ta sake zubawa, ta ce wa Ladi, "In Uwani ta kira, ki ce mata yau ma goma." Ladi ba ta taɓa isar da saƙon ba, domin ni na hana a ambace ki. Na buɗe faifan na ƙirga. Goma ne.

Uwani, na karantar da mutane shekara da shekaru cewa malamai sun bambanta tsakanin ƙorafi a kan hukuncin Ubangiji da bayyana ciwo ga wanda zai nemi magani. Na farkon abin ƙi ne, na biyun halal ne. Na san wannan tun ba a haife ki ba. Saboda haka kada kowa ya ce addini ne ya ɗaga hannuna. Kunyar dattawa uku ce ta ɗaga shi. Kin taɓa gaya wa Lawali cewa likitoci sun san irin wannan ciwo na gaɓar da aka yanke, kuma akwai abin da ake yi don rage shi, in dai mai shi ya faɗa. Wake bakwai ne suka rage tsakaninta da faɗar, ni na zauna a kansu.

Yanzu Lawali ya ce kin ajiye aikin. Malaman da ke duba bincikenki sun ba ki wa'adi zuwa kaka ki kammala gwajin tambayoyin a ƙauyuka, in ba haka ba gurbinki ya tafi, ke kuma kin ce abin da gidan ubanki ya amsa da sanda ba za ki kai shi gidan wani ba. Wannan ne ya hana ni zama har na ɗauki alƙalami. Na karya miki yatsu, na kashe miki uwa da shirun da na ɗora mata. Kada ki bari in haɗa da aikinki.

Ban ce ki yafe mini ba tukuna, wannan hakkinki ne, ki riƙe shi har lokacin da kika ga dama. Aiki nake nema a wurinki. Daga nan har Dungass akwai ɗakuna da yawa da maigida ke zaune a bakin ƙofa yana cewa da sauƙi, kuma mafi yawansu sun yi karatu a gabana, ba za su ƙi kirana ba. Ki zo da ƙoƙunanki. Duk gidan da kika shiga, ni zan tsaya a zaure in riƙe maigidan da zance har ki fito. In ya tambayi dalili, zan nuna masa ƙoƙon innarki, in gaya masa abin da na yi da sandata. Sandar kuwa na sa ta a murhu, da kara nake dogarawa.

Allah ya jiƙan innarki, ya sanyaya makwancinta gwargwadon wutar da ta ɓoye. Allah ya warkar da hannunki, ya yi albarka a karatunki, ya sa marasa lafiya su sami baki ta dalilinki. Ku kuma da kuka karanta, Allah ya ba majinyatanku lafiya, ya ba ku ikon tashi daga bakin ƙofa idan aka zo tambayarsu. Amin.

Mahaifinki, wanda ke jiranki a zaure, ba zai shigo ba sai kin kira shi.