Ƙafar Mailafiya

Tanut, 6 ga Maris 2023

Zuwa ga Dakta Safiyanu, a Yamai.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Hajiya Ramla da yara. Tun shekarar da aka ba ka gurbina na zuwa karatun likita, ni aka turo ni Damargu da alli, ban roƙe ka kome ba. Yau zan roƙa.

Tun da na aje aiki, bul nake bugawa, wasan jifa da ƙwallayen ƙarfe, da la'asar a bayan tasha. Abokin wasana Mailafiya tela ne, mai ciwon suga. Gungumen da ke tare ƙwallaye a ƙarshen fili, wani ya ɗauke ya yi girki da shi, ba mu sa wani ba. Ran Talata na yi jifan da ban taɓa yin irinsa ba. Ƙwallona ya doki na abokin hamayya, ya tsaya cak a gurbinsa, wancan ya tafi da dukan gudun nawa. Abin da na tsufa ina zana wa yara a allo ke nan: in nauyi ɗaya ne, kuma karon ya zo daidai, ƙarfi ba ya ɓata, hannu kawai yake sakewa. Mailafiya na tsugune a inda gungumen yake dā. A ƙaurinsa na dama ƙwallon ya sauka, ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita. Har tafi ya yi mini kafin ya ga jini.

Miki ya ƙi warkewa, ya fara baƙi. Yana kwance a asibitin Damagaram. Ka san manyan wurin. Ka kira su, su dube shi da wuri.

Naka,
Idrisa

Tanut, 29 ga Maris 2023

Safiyanu,

Bayan gaisuwa da tambayar iyali. Na ji ka kira, na gode. Sun ce an makara tun kafin takardata ta iso ka.

Na je duba Mailafiya. Tambayarsa ɗaya, ko an sa gungume. Na ce an sa. Na zauna har azahar, ban ji kome a raina ba, ko kunya. Matarsa Halima ta rufe keken da zane.

An yanke ƙafar ran Alhamis, daga gwiwa.

Ka huta lafiya.
Idrisa