Ɗana yana jiran in ce masa ya ɗauki azumi ko ya sha

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don Allah ka ɓoye sunana, domin a unguwarmu Rusaifa ko tari ka yi sai an san na gidan wane ne. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ba ni da wuri, maganar ba za ta wuce ranar Asabar ba.

Ni haifaffen Makka ne, kakanmu ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano bai koma ba. Direban bas ne ni, lokacin hajji ina jigilar alhazai tsakanin Aziziyya da Muzdalifa, sauran shekara kuma masu umara. Da ƙuruciya na auri wata baiwar Allah ’yar wata ƙasa mai sanyi, ba zan faɗi sunan ƙasar ba, ta zo aiki asibiti muka haɗu. Allah Ya ba mu ɗa namiji, Tahir. Zaman bai ɗore ba, ta koma ƙasarsu da yaron yana ƙarami, can ya girma, takardun can ne da shi. Shekara da shekaru ba na jin ko muryarsa. Sai bara, shi da kansa ya nemo lambata ya kira, da ɗan guntun Larabcinsa na yara ya ce, “Abuya, ni ne Tahir.” Wallahi a gefen titi na faka bas na yi kuka, fasinja na kallona.

A nan na ji sana'arsa, kuma da farko ban gane komai ba. Wai gudu suke yi a kan dusar ƙanƙara, da wasu dogayen falankai a ƙafa da sanduna biyu a hannu, ga bindiga rataye a baya. In sun yi gudu har numfashi ya ƙare sai su tsaya su harbi wasu baƙaƙen ɗigo guda biyar, sau ɗaya a kwance sau ɗaya a tsaye. Su huɗu ne a tim ɗin ƙasarsu, kowa ya gama nasa ya taɓa bayan ɗan'uwansa shi ma ya tashi. Wanda ya ɓarar da harsasansa har da na ƙari, sai a sa shi zagayen horo, sauran ƙasashe su wuce su bar shi. Tahir shi ne na uku. Tun shigowar sanyin bana suke yawo ƙasa ƙasa, ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firji na zama malamin abin, ina zaune a majalisa ina yi wa direbobi bayani. Hajiya mahaifiyata kuwa da ta ga bindigar sai da ta yi salati, daga baya ita ce mai cewa a kunna mata jawwal, wato waya, ta ga jikanta, cikin masu hula iri ɗaya ita kaɗai ke gane shi tun daga nesa.

To matsalar ta faro ne da shigowar Ramadan. Ya kira mu ta bidiyo da rana tsaka don ya gaida Sitti, haka yake kiran Hajiya, sai ga shi da gorar ruwa a hannu yana kurɓa. Hajiya ta dube ni, ni kuma kunya ta rufe ni. Ni mutum ne mai saurin baki, kowa ya sani. Na ce masa mu a nan muna tuƙi cikin zafin Makka da azumi a bakinmu, magina na kan bene rana na dukansu ba su sha ba, kai kana cikin sanyi ko ƙishi ba ka ji, me zai hana ka? Don Allah ku fahimce ni, mu a wurinmu wahalar azumi zafi ce, tun muna yara in aka ce azumin bana da sauƙi to a sanyi ya faɗo. Ban taɓa kawowa a raina cewa mutum zai jiƙe da gumi a cikin ƙanƙara ba. Yaron bai yi mini musu ba, ya ajiye gorar ya ce, “Hadir ya abuya,” wato to Baba, na ji. Ni har daɗi na ji, na je majalisa ina baza labari wai jini ba ya ɓuya.

Gasar da ta biyo baya a wata ƙasa aka yi, da yamma kafin faɗuwar rana. Ashe ya ɗauki azumi bai gaya wa kocinsu ba. Muna falo muna kallo, na farko da na biyu sun yi ƙoƙari, aka taɓa bayansa ya tashi. Harbin kwance ya wuce lafiya. Da ya zo na tsaye na ga bakin bindigar na rawa kamar hannun tsoho, ya harba ya harba ɗigon nan sun ƙi rufewa, aka tura shi zagayen horo yana yi yana tangaɗi. A dokarsu in na gaba suka zagayo suka cim muku, cire ku ake yi daga fili. Haka aka yi. Na huɗunsu, yaron da ya sha atisaye shekara guda, yana tsaye da falankansa a ƙafa ko tashi bai yi ba aka ce ya tuɓe. Shi kuma Tahir ya zube a bakin layi aka rufe shi da bargo. Hajiya tana ta tambayata ko harbinsa aka yi.

Washegari uwarsa ta kira ni, rabon da mu yi magana har na manta. Ta wanke ni tas. Ta ce ita ta yi ta kai shi atisaye cikin sanyi tun bai iya ɗaure takalmi ba, ita ta koya masa sallah ba ni ba, kuma duk shekara yana rama azuminsa bayan gasa ba tare da wani ya tsaya a kansa ba. Ta ce na zo da magana ɗaya zan rushe abin da ban gina ba. Kocin kuma ya kafa masa sharaɗi, gasa ta ƙarshe ta ranar Asabar ko dai ya ci abinci a gabansa da safe, ko kuwa ba zai sa shi ba. Kuma ba su da na biyar, wanda ake ajiyewa ya karye a ƙafa. In Tahir bai tashi ba duk su huɗun ba za su tashi ba, a cewar kocin ƙasar na iya rasa gurbinta na baɗi, shi kuma Tahir ya san daga ranar an gama da shi.

Na garzaya wurin malamin masallacinmu bayan la'asar. Ya ce ai wancan karon ma matafiyi ne, yana da damar sha ya rama, ni na ɗora masa abin da Allah bai ɗora masa ba. Na ce alhamdulillahi, khalas an huta. Sai ya tambaye ni ina za a yi ta Asabar ɗin. Jama'a, a garinsu za a yi, garin da yake zaune, daga ɗakinsa yana hango filin. Malam ya girgiza kai ya ce to wannan mazaunin gida ne, shi ba zai ce a sha azumi don wasa ba. Na ce to in ya je wani gari ya kwana ya dawo da safe fa? Malam ya ce Alhaji kada mu yi wa Allah wayo. Hajiya ita ma ta tsaya a kan bakanta, ta ce tunda yaro ya fara kada in kuskura in zama ni na mayar da shi baya, in na ce ya sha ni zan amsa gobe kiyama. Uwarsa kuma ta ce akwai malamai a can da suka ce sana'arsa ce, da ita yake ci, yana iya sha ya rama. Na faɗa wa Tahir ya je ya tambaye su, ya ƙi.

Abin da ke cin raina ke nan. Yaron nan ya yi shekaru ba shi da uban da zai ce masa yi ko bari, yanzu da ya samu ya riƙe maganata da hannu biyu, ko ta wauta ce. Ya yi alkawarin zuwa umara bayan sallah, Hajiya har ta sa an yi wa ɗakin sama fenti. Ina tsoron in ce ya ɗauka, ya bi maganata, a kore shi, abokansa uku su juya masa baya, ya zo Makka ya dube ni a matsayin mutumin da ya dawo rayuwarsa don ya kashe masa ita, ko ma ya fasa zuwan. Ina kuma tsoron in ce ya sha, ya zama abu na farko da na koya wa ɗana a duniya shi ne ajiye azumi. Jiya saura kaɗan in hau kan wata mota a Aziziyya saboda tunani, futur ma, wato buɗa baki, dabino ɗaya nake ci in tashi.

Don Allah kada wani ya ce mini ai wasa ne kawai, na riga na faɗi wannan maganar na ga abin da ta haifar. Wanda zai zage ni ya zaga, amma ya haɗa da mafita. Masu ilimi a cikinku, akwai wata hanya da malaminmu bai hango ba? Iyaye kuma, ku da kuka san zafin ɗa, in ku ne ya za ku yi?

Ɗazu da hantsi ya turo mini saƙon murya, ya ce, “Abuya, ba zan tambayi kowa ba, kai ne ubana. Ka ce in ɗauka in ɗauka, ka ce in sha in sha.” Na saurara, kuma ya ga alamar na saurara, tun lokacin duk sanda na buɗe wayar sai in gan shi a kan layi yana jira. Don girman Allah ku faɗa mini, me zan ce wa yaron nan?