Na Fasa Randar Miso

Sachie,

Na tafi da motata filin gari, yau ake baje kolin tsofaffin motoci. Garin fitowa da baya na fasa randarki ta miso, daddawar wakenki ta miya. Yi haƙuri, na kwashe abin da ya kwasu.

Shekara hamsin ina jan motar nan. Ranar ambaliya mutum tara na fitar a cikinta, ko kaza ban taɓa takawa ba. Yau ga randa ƙatuwa, ban gan ta ba, sai ƙararta na ji.

Na gaji, 'yata. Kar ki gaya wa mijinki tukuna. Kin san ɗan nawa, biyo ni zai yi ya ƙwace makulli a gaban tsarana. Ki bar mini yinin nan kawai. Da yamma zan miƙa masa da hannuna.

Baba