Tsokar Wuyan Yaya Lami da Kuka Ce Mu Binne

Zuwa ga Shugaban Asibitin Yankinmu,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Tofa, amma kafin na yi ritaya na daɗe ina aikin shirya tsoka a ɗakin gwaji na wani asibiti a birni. Ga abin da ya sa na rubuto.

Na farko: a farkon daminar bara aka cire wa yayata Lami kaluluwar da ta kumbura a wuyanta. Ma'aikacinku ya miƙo mini tsokar a naɗe cikin bandeji, ya ce mu binne, ciwon daji ne, mu koma gida mu yi haƙuri. Ba wanda ya gwada. Da ido kawai aka yanke mata hukunci, har ta fara raba wa 'ya'yanta tumakinta.

Na biyu: na nemi famalin, ruwan da ke hana tsoka ruɓewa, aka ce babu ko ɗigo a ɗakin tiyata. Allah Ya sa na taho da 'yar kwalbata daga gida. Na jefa tsokar ciki, na rubuta sunan Yaya a jiki, na hau mota zuwa birni.

Can tsofaffin abokan aikina suka yi abin da ya kamata. Suka tsotse ruwan tsokar da sufirit, suka daskarar da ita cikin kakin kyandir, suka yanka ta da inji har ta fi ɓawon albasa siranta. Suka shimfiɗa ta kan gilashi, suka rina ta shuɗi da ja. Likita ta sa ta ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, ta daɗe tana dubawa, sannan ta kira ni na leƙa da kaina. Ranka ya daɗe, ba daji ba ne! Tarin fuka ne ya kama kaluluwar, kuma yana da magani. Da gudu na shiga gidanmu ranar, kamar ba dattijo ba.

Yaya ta sha maganinta har ƙarshe. Bana ita ta cire gyaɗarta da hannunta, tana yi wa matan unguwa tsiyar sun fiye nawa wajen aiki.

Abin da ke hana ni sakewa shi ne sauran mutane. Nawa ne suka binne tsokarsu, suka koma gida suna jiran mutuwa?

Ina roƙo a ajiye famalin da kwalabe a ɗakin tiyata, a tura duk tsokar da aka cire wurin gwaji, kuma kada a sake ambata wa mara lafiya daji kafin madubi ya nuna. In kuna buƙatar mai koya wa ma'aikatanku, ga ni, kyauta.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa warakar jama'a a hannunka.

Wassalam.
Naka, Bawa Tanko.