Kaset ɗin Ari

Litinin, 4 Yuni 2012
Na fita takaba, na koma makaranta. Shingen sojoji biyu kafin Goron Dutse. Kaset ɗin sauraron Turanci na aji uku yana nan cikin durowa. Muryar mijina Ari ce a ciki, shi ya naɗa mana kwana uku kafin Juma'ar bama-baman da ya rasu a cikinta.

Laraba, 6 Yuni
Saura mako biyar jarrabawar sauraro. Tsarin Ari na bi: ba a kunnawa sai yara sun san abin da za su ji. Na gaya musu labarin ciniki ne a Kasuwar Kurmi, na rubuta kalmomi bakwai a allo, suka yi hasashe. Na yi ta jan zance har aka kaɗa ƙararrawa.

Talata, 12 Yuni
Darasi na uku ke nan muna share fage. Sun haddace tambayoyin. Ban kunna ba. Na ce batir ne.

Alhamis, 14 Yuni
Turai, mai bakin nan ta layin gaba, ta zo da batir huɗu sababbi. Na daka mata tsawa, ba ta yi komai ba. Tsoro nake ji, shi ke nan. Idan suka faɗi, ni na kayar da su.

Litinin, 18 Yuni
Ashe ƙanwar Turai tana ajin da Ari ya yi naɗin. Yau na tarar an riga ni rubutu a allo. Turai ta miƙe ta ce, "Malama, ke ma sai an shirya ki. Zai fara da gyaran murya. Sannan ya ce a rufe taga. A tsakiya zai yi dariya, don akuya ta shigo. Minti huɗu ne kawai."
A ƙasan allon tambaya ɗaya, wai tawa: nawa aka sayi tabarmar?
Na kunna. Gyaran muryar ya zo, ina jiransa. Tagar ma. Dariyar ce duk da an gaya mini ta kusa kayar da ni, na dafa tebur. Ina kewarsa, wallahi ina kewarsa.

Talata, 19 Yuni
Ashirin da tara cikin talatin da huɗu sun ci tambayoyin kaset ɗin. Naira ɗari uku da hamsin aka sayi tabarmar.
Na taho da kaset ɗin gida. Don shirya darasin jibi ne.